Ranar da Souley Ya Ce Sannu

Souley yana tsakiyar jan ƙafar hagu a zauren Alhaji Yunusu, ya naɗe hannu a ƙirji, ya karkace baki har miyau na neman zubo masa, sai ga Fa'iz ya shigo riƙe da ledar magani. Souley bai gan shi ba. Idonsa na kan mai gidan, wanda ke jingine da bango a kan darduma, yana dariya da rabin fuskar da ciwo ya rage masa.

"Ku ba Bakano hanya, jama'a, kasuwa za shi!" in ji Souley, yana jan ƙafar nan kamar an ɗaura mata buhun gishiri. "In ya fita da hantsi, da yardar Allah zai isa kafin a rufe ƙofa."

Alhaji Yunusu ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna shi. Sai da ya yi kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Mai... mai cin fara. Ba... bawan gidanmu."

"Kun ji shi ko? Baki ya karkace, amma rashin kunyar tana nan a miƙe."

"Kalas!"

Fa'iz ne, babban ɗan Alhaji, wanda ke aiki a wani ofishi cikin gari. Da Larabcin Chadi ya fara, don shi ne ke riga zuwa bakinsa in ransa ya ɓaci, sannan ya koma Hausarsa mai nauyi, sai dai bai bar kiransa ammi ba, wato baffa. "Ammi Souley, ya isa. Ubana ba abin dariya ba ne. Ka fita."

Souley ya tsaya da hannu a naɗe, ya manta bai sauke shi ba. "Kai, yaro, wasa ne fa. Tambayi ubanka."

"Wasa? Je bakin titi ka ga inda wasanka ya kai."

Alhaji Yunusu yana ta buga darduma da tafin hannu, yana son ya ce wani abu, amma in ya ƙagu harshen nan sai ya ƙara ƙin juyawa. Gurnani kawai ya fito. Fa'iz ya ɗauka kukan wulaƙanci ne uban ke yi, ya ƙara hasala, ya sunkuya ya ɗauki takalman Souley da hannunsa ya ajiye su a waje. Mutum da furfurarsa, a fitar masa da takalmi! Souley ya bi su ya fita, ƙafarsa ta miƙe sarai, yana jin kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Wanda bai san Kanawa da Damagarawa ba dole ya ce Fa'iz ya yi daidai. Mutanen garuruwan nan biyu, tun kakanni da aka yi ta gwabzawa aka gaji, sai aka mayar da abin wasa. Duk inda Bakano ya haɗu da Badamagare, kowa bawan kowa ne, kowa ya yaɓa wa ɗan'uwansa abin da ya ga dama, kuma ba a fushi. Gaisuwar ladabi ce abin tsoro a tsakaninsu, don ba a yin ta sai zumunci ya yanke.

Kakan Alhaji Yunusu ya baro Kano a ƙasa da niyyar hajji, zamanin da ake ce wa garin nan na Injamena Fort-Lamy. Ya yada zango, ya kasa kayan koli, ya ga ciniki, bai ƙara gaba ba. Shi Alhaji a unguwar Ridina aka haife shi, ya gaji rumfar atamfa a babbar kasuwa, Kano kuwa a bakin matafiya ya fi saninta. Amma Bakano ne har cikin ƙashi. Souley shi kuma daga Damagaram ya zo neman abinci, yana ɗauko sabulu da sukari daga Kuseri, garin da ke tsallaken iyaka, a bayan moto, wato babur, ya tsallako da su gadar Ngeli. Ranar da ya kama hayar ɗaki a gidan da ke jikin na Alhaji, ya fito ya yi sallama da Hausa, Alhaji ya tambaye shi mutumin ina ne. Da ya ji Damagaram sai ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, yau Allah ya kawo mini bawa har gida." Souley bai yi wata-wata ba ya fizge hular da ke kan Alhaji, ya ce kayan bawa ai na ubangidansa ne. Hular nan sai da ta je Kuseri ta dawo.

Tun daga ranar, shekaru sun tasam ma ashirin, ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya ce wa ɗaya sannu. Ko lokacin da labarin rasuwar tsohuwar Souley ya iso shi, bayan an daɗe da binne ta, mutane suna ta Allah ya jiƙanta, Alhaji zuwa ya yi ya zauna kusa da shi ya ce, "Baiwar Allah ta huta da ganin mummunar fuskar nan." Souley ya yi dariya, dariyar ta juye kuka, Alhaji ya riƙe shi har ya gama. A garin da Hausa ba ta wuce tsakar gida da rumfar ɗan'uwa, inda 'ya'yanka ma da Larabci suke amsa maka, samun wanda zai zage ka da harshen uwarka ba ƙaramin arziki ba ne. Alhaji ya san haka. Souley ya fi shi sani, don shi iyalinsa na can gida, sai shekara-shekara yake ganinsu.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Alhaji bara da damina, duk unguwa ta koma yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar jariri. Sannu Alhaji, Allah ya sawwaƙe Alhaji. Mutum ya kwanta, ya ƙi ci, ya ƙi motsi. Souley ne ya shiga ya tsaya a kansa ya ce, "Lalaci dai irin na Kanawa, an samu dalili." Ya kwaikwayi bakin, ya kwaikwayi hannun. Hajiya Zainabu, matar Alhaji, ta ce ranar ce ta fara jin dariyarsa tun faɗuwar. Don ya rama ne Alhaji ya sake koyon magana, don ya bi Souley da sanda ne ya sake koyon tafiya, har ta kai yana jan ƙafa zuwa masallacin unguwa.

Washegarin korar, da hantsi, Souley ya tura motonsa zuwa bakin titi, inda 'yan kilando, samarin da ke haya da babur, suke jiran fasinja a ƙarƙashin dogonyaro. Bai kai gare su ba ya ji dariya. Wani dogo mai jar hula ya sauko daga kan babur, ya naɗe hannu a ƙirji, ya karkace baki, yana jan ƙafa a ƙasa. Har maganar bai bari ba, ya juya ta da Larabci: a ba Alhaji hanya, kasuwa za shi. Sauran suna ta dukan tankin babur suna kwasar dariya.

Souley ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Tafiyar ba ta Alhaji ba ce, tasa ce, har ɗan tsallen da yake ƙarawa a ƙarshe, wanda Alhaji bai taɓa yi ba. Zauren a buɗe yake wuni, yaran nan suna wucewa suna leƙe, shi kuwa bai taɓa kawo komai a ransa ba.

Ya kafe moto ya nufe su. Da Larabcinsa na kasuwa ya ce, "Kai, sa'anka ne? Wa ya ba ka izini?"

"Kai wa ya ba ka, Baba?" in ji mai jar hula. "Ai a wurinka muka gani."

"Ni a gabansa nake yi, kuma yana ramawa. Ku kun taɓa tsayawa ya rama?"

"Da wane bakin zai rama?"

Aka sake fashewa. Mudi mai shayi, wani dattijo da ke da tebur a gefe, ya jawo Souley ya zaunar da shi a benci, ya gaya masa sauran labarin da Hausa. Ran Juma'ar da ta wuce, Alhaji na dawowa daga masallaci, mai jar hular nan ya bi bayansa yana jan ƙafa, mutane na kallo, wasu na rufe baki. Alhaji ya waiwaya ya gani. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya, har Fa'iz ya zo ya kama shi.

"Tun ranar ka sake ganinsa a waje?" in ji Mudi.

"A'a. Ce mini ya yi ƙafar ce ke ciwo."

"To, ba ƙafa ba ce."

Abin da ya fi ci wa Souley rai shi ne, bayan Juma'ar nan kullum yana shiga zaure yana yin tafiyar, Alhaji kuma yana dariya, bai taɓa nuna masa ba. Ko dariyar gaskiya ce, ko kara yake yi masa, Souley bai sani ba, kuma yanzu babu ƙofar da zai bi ya tambaya. Ranar bai je Ngeli ba, ya tura moto ya mayar gida.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan hayarsu da tsakar gidan Alhaji, ta ƙasa, ba ta da wani tsawo. Ta kanta yake jin komai: ƙarar buta, tarin Alhaji, muryar Hajiya tana lallashi, "Ko cokali ɗaya, Alhaji." Da abin ya ishe shi sai ya sayo soyayyar fara, ya ƙulle ta a ƙyalle ya jefa ta kan katangar, don Alhaji ya gani ya san mai cin farar yana nan bai gudu ba. Matar Fa'iz ce ta tsinci ƙullin. Ta ga abu a ɗaure an jefo gidan majinyaci, ta saka ihu ta ce sammu ne, aka tona rami aka ƙone shi ba tare da an kwance ba. Souley yana jin su ta katanga, ya dafe kai.

Ya tura Mudi ya ba Fa'iz haƙuri. Ya je da kansa ya tare shi a ƙofa, yana ƙoƙarin yi masa bayanin Kano da Damagaram. Fa'iz ya saurara da ladabi, don ba yaron banza ba ne, sannan ya ce, "Ammi, nan ba Kano ba ce, ba Damagaram ba ce. A nan in ka ce wa mutum bawa a gaban jama'a, wuƙa ake zarowa. Surukaina sun ji labari. Yarana an yi musu tafiyar kakansu a lekol, a gaban 'yan ajinsu, sun dawo suna kuka. Me zan ce musu? In ce al'ada ce?"

Gaskiya yaron ya faɗa. Ba ita ce duka gaskiyar ba, amma ragowar ba ta faɗuwa a tsaye a bakin ƙofa, ga wanda bai taɓa samun abokin wasa ba.

Ana cikin haka ciwon ya sake bugun Alhaji. Aka kai shi asibiti, bayan 'yan kwanaki aka dawo da shi a kwance, likita ya ce a kai shi gida a yi ta addu'a. Aka mayar da shi ɗakin ciki. Masu dubiya suna shiga suna fita, har waɗanda rabonsu da gaishe shi tun yana rumfa, Souley kuwa yana zaune a ƙofar gidan hayarsu yana kallon takalmansu. Ya rame shi ma. In ya je Ngeli ba ya ko ciniki da kyau, abokan sana'a suna tambayarsa ko lafiya, ya ce zazzaɓi ne.

Wata rana da la'asar ya ji an kira shi ta kan katanga, a hankali. Hajiya Zainabu ce, ta taka turmi.

"Malam Souley."

"Na'am, Hajiya. Ina bawan nawa?" Ya faɗa kafin ya tuna, ya kama bakinsa.

Ta yi ɗan murmushi, idonta ya ciko. "Ba ya ci. Duk wanda ya yi sallama sai ya juyo ido ya dubi ƙofa, in ya ga ba kai ba ne sai ya mayar. Na yi wa Fa'iz magana har na yi kuka. Ya yarda ka zo gobe, amma ya ce sai ka rantse."

"In rantse a kan me?"

"Ba wasa. Ba kwaikwayo, ba sunan nan. Ka gaishe shi kamar kowa ka fito."

"Hajiya, ke kin san shi. In na gaishe shi kamar kowa..."

"Na sani. Na gaya wa yaron, bai gane ba. Gidan yanzu a hannunsa yake, ni me zan iya? Ka zo dai ya gan ka. Ganin ma wani abu ne."

"Awo," in ji Souley. "Zan zo."

Ya yi ta juya maganar a ransa. Ya ce in ya shiga zai san dabara, ya kashe ido, ya murguɗa baki, wani abu dai da Alhaji zai gane, yaron bai gani ba. Da safe ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya sami Fa'iz a zaure, ya rantse da Allah kamar yadda aka nema.

Ɗakin na warin turaren wuta da man zafi. Alhaji na kwance a katifa a ƙasa, ya rame har ƙashin kumatu ya fito, an ɗora masa hula saboda masu dubiya. Fa'iz ya tsaya a jikin ƙofa. A kan tabarma kuma ga surukan Fa'iz, manyan mutane biyu da rawuna, suna jan carbi. Suka zuba wa Souley ido, da alama an riga an gaya musu ko shi wane ne.

Da idon Alhaji ya faɗa kan Souley, fuskar nan ta motsa. Ɓarin bakin mai rai ya ɗaga. Ya gyara kai a kan matashi, shirin da yake yi kullum in zai karɓi zagi ya mayar.

Souley ya durƙusa. Dabarar da ya yi ta shiryawa ta gudu ta bar shi, don duk inda ya juya akwai ido a kansa, ga rantsuwa a wuya. Ya ji bakinsa yana cewa, "Sannu, Alhaji. Yaya ƙarfin jiki?"

Alhaji ya ƙura masa ido yana jira. Ya ɗauka shimfiɗa ce, zagin na tafe a baya. Da ya ji shiru, sai ya kai hannunsa mai lafiya ya turo hular daga kansa. Ta gangaro ta tsaya a gaban gwiwar Souley. Baƙin sun ɗauka faɗuwa ta yi. Souley kaɗai ya san abin da ake ce masa: ɗauki ka gudu da ita, in bi ka da zagi.

Ya ɗauki hular. Hannunsa har ya kama hanyar aljihu, Fa'iz ya yi gyaran murya. Souley ya kaɗe ta, ya gyara mata kari, ya mayar wa Alhaji a ka, a hankali, yadda ake yi wa manya.

"Ba..." Alhaji na numfashi sama-sama. "Ba... bawa."

Ɗaya daga cikin surukan ya dubi ɗan'uwansa. Souley ya sunkuyar da kai.

"Na'am, Alhaji."

Bai taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba, ko a faɗuwar farko, sai yau. Idon ya bar Souley ya je kan Fa'iz, ya je kan baƙi, ya dawo. Sannun sauran jama'a ba ta dami Alhaji ba, ya san halin mutane. Amma in har Badamagaren nan ya durƙusa yana na'am, to ko dai ya yanke zumunci ne, ko kuwa ya ji wani abu da aka ɓoye wa mai jinya.

"Ka... yi... fushi?"

"Wane ni, Alhaji."

"To... mu... mutuwa... zan yi?"

Maganganu goma sun zo bakin Souley, kowacce ta isa ta sa Alhaji ya nemi sanda. Ya haɗiye su. "Allah zai ba ka lafiya, Alhaji. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin, amin," in ji surukai.

Alhaji ya daɗe yana dubansa, sannan ya rufe ido. Juyawa ba ta yiwuwa gare shi, rufe idon nan shi ne iyakar juya bayan da zai iya yi. Ruwa na bin gefen fuskarsa, amma idon ɓarin da ya shanye dama kullum yana zubar da ruwa, don haka ba wanda ya kula. Hajiya ce kawai, da ke laɓe a bayan labule, ta saki labulen ta koma ciki.

A zaure Fa'iz ya kama hannun Souley da hannu biyu. "Shukran, Ammi. Ka ga, haka ya fi kyau. Ka yafe mini abin da na yi maka rannan."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, shi ya sa ta fi zafi. Souley ya ce ba komai. Ya fito rana ta buɗe, ya tsaya a tsakiyar lungu da babbar riga, ya rasa ko dama zai yi ko hagu.

Kafin ya kai ɗaki ya yanke shawara. Rantsuwa ce dai, zai yi kaffara, azumi ne ko ciyarwa, ya ɗauka. Gobe da zarar Fa'iz ya tafi ofis zai shiga ya fizge hular nan, ya gaya wa Bakano cewa shi ya san ba zai mutu yanzu ba, don Bakano ko mutuwa ce sai ya tsaya ya taya ta ya nemi ragi. Ya yi ta maimaita maganar yana gyara ta, har ya kama kansa yana murmushi shi kaɗai.

Gari ya waye, Fa'iz bai je ofis ba. Souley ya zauna a ƙofa tun hantsi yana kallon babur ɗin yaron a jingine a zaure. Ya ce bari a yi azahar, ƙila ya fita. Aka yi azahar, babur na nan. Ya taka bulo ya leƙa ta katanga ko zai ga Hajiya, sai ya ga mata cike da tsakar gida, sun yi jugum. Ya diro ya nufi ƙofar, ya ce ko wuƙar za a zaro yau sai ya shiga. Yana sa ƙafa a zaure kuka ya tashi daga ciki.

Ba a jinkiri da gawa, ga kuma zafin Injamena. Kafin la'asar ta yi sanyi an yi wanka, an yi sutura, an yi salla a ƙofar gida. 'Yan kilando ma sun zo, har mai jar hula, yana sahun baya ya sunkuyar da kai, kuma su suka yi ta jigilar mutane zuwa maƙabarta. Souley ya dube shi bai ji ko haushi ba. Mutane suna ta miƙa masa hannu, "Sannu da haƙuri, Malam Souley, ka yi rashin maƙwabci." Kowa da ladabinsa. Ya lura cewa duk faɗin garin nan babu sauran mai kiransa da wani suna sai Malam Souley.

A maƙabarta, can bayan gari, 'ya'yan ne suka karɓi gawar suka kwantar. Aka jera tubala a kan ƙaramin ramin, aka ce a kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a toshe kafofi. Souley ya tattare hannun riga, ya karɓi jarka ya zuba ruwa, ya kwaɓa da kansa. Ba wanda ya hana shi, ai aikin lada ne. Ya durƙusa ta wajen kai yana liƙe tsakanin tubali da tubali, wasu na yin na wajen ƙafa, har aka gama.

Saura kafa ɗaya a gabansa, 'yar ƙarama, ana hango farin likkafani ta cikinta. Ya sunkuya kamar mai duba aiki, har gemunsa na taɓa ƙasa, ya yi magana yadda ba mai ji.

"Kai, Bakano. Wa ya ba ka izinin kwanciya, ubangidanka na durƙushe?"

Ya tsaya. Ya ba shi lokaci, don maganar Alhaji takan daɗe kafin ta fito. Ƙasar da ke hannunsa ta fara bushewa.

"Malam, a toshe mana," in ji wani a bayansa. "Rana na faɗuwa."

Souley ya ɗan ƙara jira. Sannan ya ɗora ƙasar a kan kafar, ya danna, ya shafe ta da babban yatsa har ta yi sumul.